'Yan Matan Gidan Clare Su Uku da Gādon da Ya Raba Su

 Yau ba zancen kasuwa ko na unguwa na zo da shi ba. So nake mu yi tafiya mai nisa, mu leƙa Ingila ta shekara 700 da suka wuce, in ba ku labarin wasu mata uku 'yan uwa ɗaya uba ɗaya, jikokin sarki, waɗanda na daɗe ina bin tarihinsu. Mu da muke zaune nesa da gida mun san nauyin aurar da 'ya zuwa wani gari, mun kuma san abin da ake faɗa wa amarya, cewa ta kwantar da hankalinta, tana da dangi a bayanta. To waɗannan matan sun fi kowa dangi a ƙasarsu. Kakansu sarki ne, kawunsu sarki ne, yayansu shi ne ya fi kusan duk hakiman ƙasar dukiya. Amma da na karanta yadda rayuwarsu ta kasance, sai na ga mafi yawan wahalar da suka sha daga hannun dangin nan ta fito, kuma dukiyar gidansu ce ta jawo musu.

Kafin in shiga labarin, bari in ɗan share fage da dokar ƙasar a lokacin, domin in ba a gane ta ba, sauran zancen zai zama kamar tatsuniya. A tsakanin manyan Ingila, idan mutum ya mutu, babban ɗansa namiji ne yake kwashe ƙasar gaba ɗaya, ƙanne maza da mata su kama gabansu. Amma idan babu namiji, sai 'ya'ya mata su raba daidai wa daida. Matsalar ita ce mace mai aure ba ta riƙe ƙasa da hannunta. Duk abin da ta gada, mijinta ne yake juya shi muddin tana raye, shi yake karɓar haraji, shi yake naɗa wakilai, shi yake zuwa majalisa da sunan ƙasar. Matar da mijinta ya mutu kuwa tana cin kashi ɗaya cikin uku na ƙasar mijin har ƙarshen rayuwarta, kuma a lokacin ne kawai doka take ganinta a matsayin mutum mai cin gashin kansa. Sannan coci ba ta yarda da saki ba, ba ta kuma yarda da mace fiye da ɗaya ba, sai dai a nemi hujjar da za a ce auren tun asali bai ɗauru ba. A kan duk wannan sai ga sarki. Duk wanda yake riƙe da ƙasa kai-tsaye daga hannun sarki, to auren magajiyarsa da na matar da ya bari sai da yardar sarki.

Sarakuna kuwa sun mai da wannan haƙƙi kasuwa. A 1214 Sarki John ya sayar da auren Isabella ta Gloucester, wadda tsohuwar matarsa ce shi kansa, ga wani hakimi mai suna Geoffrey de Mandeville a kan mak 20,000, wato sama da fam 13,000. Bashin ya yi wa mutumin katutu, shekara na zagayowa sai ga shi cikin hakiman da suka yi wa sarkin tawaye. Shi ya sa takardar nan ta Magna Carta da aka tilasta wa John ya amince da ita a 1215 ta tanadi cewa a bai wa matar mamaci rabonta ba tare da wahala ba, a bar ta ta zauna kwana 40 a gidan mijin, kuma kada a yi mata auren dole muddin ta zaɓi zama babu miji, in dai ta yi alkawarin ba za ta yi aure ba sai da izini. A takarda ke nan. Ku riƙe wannan a ranku, za ku ga yadda aka yi da shi bayan shekara ɗari.

Uwar 'yan matan namu sunanta Joan, 'yar Sarki Edward na Ɗaya. An haife ta a 1272 a birnin Akka da ke gaɓar tekun Sham, lokacin da ubanta ya je yaƙi can. A 1290, tana da shekara 18, aka aurar da ita ga Gilbert de Clare, mai riƙe da sarautar da suke kira Earl, wato babban hakimi, na Gloucester. Ya haura shekara 45 a lokacin, kuma yana da 'ya'ya mata biyu da matarsa ta fari wadda aka warware aurensu. Sarki Edward ba ya wasa da lissafi. Ya sa Gilbert ya miƙa masa ƙasarsa duka, sannan ya mayar musu da ita shi da Joan tare, da sharaɗin 'ya'yan Joan ne za su gada. Da alƙalami ɗaya aka shafe waɗancan 'ya'ya biyu daga gādon ubansu. Joan ta haifi namiji ɗaya, shi ma Gilbert, da mata uku: Eleanor, Margaret da Elizabeth. Mijin ya mutu a ƙarshen 1295, 'yar autar tana jaririya.

A nan Joan ta yi abin da har yau nake jinjina mata. Ubanta yana can yana ƙulla mata aure da mai mulkin Savoy, ita kuwa a farkon 1297 ta riga ta auri wani saurayi a ɓoye, Ralph de Monthermer, ɗaya daga cikin yaran gidan marigayi mijinta, wanda ba shi da ko taƙi ɗaya na ƙasa. Sarki ya fusata, ya ƙwace ƙasarta, ya kulle angon a Bristol. Amma aure ya riga ya ɗauru, ga ciki kuma, dole tsohon ya haɗiye fushinsa. Daga baya ma ya zo yana ji da surukin. Joan ta mutu a 1307. 'Ya'yanta mata ba wadda ta sami irin wannan dama a aurenta na fari.

Cikin shekara biyu da 'yan watanni aka aurar da su duka, kowacce tana da shekara 13 ko 14. Eleanor aka fara bayarwa a 1306, ga Hugh Despenser ƙarami, ɗan wani amintaccen bafaden kakanta. A lokacin ba wani babban kamu ba ne. A 1307 kakan ya mutu, kawunsu Edward na Biyu ya hau, kuma cikin abubuwan da ya fara yi har da ɗaukar Margaret ya ba ɗan gaban goshinsa Piers Gaveston, baƙo daga Gascony wanda hakiman ƙasar suka ƙi jini. Manufar a fili take: a shigar da Gaveston cikin dangin sarauta ta ƙofar aure. Sai a ƙarshen Satumbar 1308 aka yi biki biyu a haɗe a Waltham. Elizabeth ta auri John de Burgh, magajin babban hakimin Ulster a Ailan, yayanta Gilbert kuma ya auri Maud, 'yar'uwar John ɗin. Ba ni gishiri in ba ka manda. Aka ɗauki yarinya aka ƙetara teku da ita.

Har zuwa nan, aurensu na ƙulla zumunci ne tsakanin gidaje, ba na dukiya ba, tunda ga yayansu a raye, saurayi lafiyayye mai mata. Ba wanda ya ɗauka za su gaji komai. Margaret ce ta fara ɗanɗana ɗacin abin. Ta bi Gaveston zuwa Ailan da aka kore shi a 1308, ta haifa masa 'ya a York a farkon 1312, a watan Yuni na shekarar hakimai suka kama shi suka sare masa kai. An je an roƙi yayanta Gilbert ya sa baki, bai sa ba. A 1313 mijin Elizabeth ma ya mutu, ya bar ta da jariri namiji, William.

Ranar 24 ga Yuni 1314, a fagen yaƙin Bannockburn, Gilbert ya yi sukuwa cikin rundunar Sikotlan aka kashe shi, yana da shekara 23, ba ɗa ba jika. Abin mamakin, sarkin da ya je yaƙa, Robert Bruce, matarsa da matar Gilbert 'ya'yan mutum ɗaya ne. Haka manyan nan suke, duk inda ka jefa mashi a kan suruki zai sauka. Ƙasar da Gilbert ya bari ta bazu a Ingila da Wales da Ailan, tana kawo kimanin fam 6,000 a shekara, a zamanin da lebura yake shekara bai tara fam 3 ba. Dare ɗaya 'yan mata uku suka zama kadara mafi tsada a ƙasar, biyu daga cikinsu kuma ba su da maza.

Sai Maud, matar mamacin, ta ce tana da ciki. In ta haifi namiji, to shi ke nan, komai nasa ne. Aka zauna jira. Wata tara ya wuce, shekara ta wuce, ba haihuwa. Despenser, mijin Eleanor, ya ƙosa har ya je ya mamaye gidan ganuwa na Tonbridge a 1315 don ya nuna fushinsa. A majalisar da aka yi a Lincoln a farkon 1316, wata 20 bayan mutuwar Gilbert, lauyoyin sarki suna nan a kan bakansu cewa matar tana ɗauke da ciki, a ƙara haƙuri. Mu da muka taso muna jin zancen kwantaccen ciki ba za mu yi saurin yi mata dariya ba, amma dokar Ingila ba ta san wannan ba, kuma kowa ya gane inda aka dosa. Muddin ana jiran haihuwa, kuɗin ƙasar aljihun sarki suke shiga, kuma yana da lokacin da zai zaɓa wa zawarawan biyu mazan da yake so.

Ya aika aka dawo da Elizabeth daga Ailan, aka sauke ta a gidan ganuwa na Bristol a farkon Fabrairun 1316. Ko hutawa ba ta gama yi ba, wani hakimi mai suna Theobald de Verdun ya fitar da ita ya aure ta ba da izinin sarki ba. Aka tuhume shi da sace ta, shi kuma ya ce tun a Ailan suka yi alkawari, da ƙafarta ta fito. Ni dai zuciyata ta fi karkata ga cewa ta san abin da kawunta yake shirya mata, ta ga gara wanda ta sani. Ko ma yaya ne, auren bai yi wata shida ba Verdun ya mutu, a watan Yuli, ya bar ta da ciki. Sai ta tafi Amesbury, gidan mata masu zuhudu, inda ƙanwar mahaifiyarta Mary take zaune, ta yi goyon cikinta a can. Wannan ɗan lokacin yana cikin wuraren da na ga dangi sun yi mata rana, kuma ku lura, mace ce ta yi. Ta haifi 'ya mace, Isabel, ranar 21 ga Maris 1317. Tun tana da cikin kawunta yake matsa mata, makonni kaɗan bayan haihuwar aka ɗaura mata aure da Roger Damory, wani jarumi mai ƙaramin asali da tauraronsa yake haskawa a fada. A watan Afrilun nan kuma aka ba Hugh Audley, wani ɗan lelen sarkin, Margaret. Ina batun cewa ba a yi wa matar mamaci auren dole? Ba a soke shi ba, yana nan a rubuce. Sai dai yarinya 'yar shekara 21, wadda rabonta na gādo yake hannun kawunta bai sake shi ba, da wane bakin za ta ce a'a?

Da aka gama ɗaure su, sai aka daina zancen cikin Maud. A watan Nuwamba 1317 aka raba ƙasa. Eleanor ta sami Glamorgan a kudancin Wales, yanki mafi tsoka. Margaret ta sami Tonbridge da yankin Newport. Elizabeth ta sami Clare a Suffolk, tushen gidan, daga baya Usk ya biyo da Maud ta mutu a 1320. Na ce sun samu, amma kun riga kun san hannun da abin ya shiga.

Despenser bai ɗauki kashi ɗaya cikin uku a matsayin rabo ba, ya ɗauke shi a matsayin somin taɓi. A 1318 ya zama sarkin fada, ya ture Damory da Audley daga zuciyar sarki, ya fara da murɗe Newport daga hannun Audley. A watan Mayun 1321 mazan ƙannen biyu suka haɗa kai da sauran hakiman kan iyakar Wales suka afka wa ƙasar mijin yayar, suka ƙone, suka kwashe. Suka tilasta wa sarki ya kori Despenser da ubansa daga ƙasar. Ba a yi wata shida ba sarki ya dawo da su, ya ɗaura yaƙi. A watan Maris 1322 Damory ya mutu a Tutbury da raunukan da ya samu, aka kuma kama Audley bayan yaƙin Boroughbridge. Hakimai da yawa sun sha igiya a wannan shekara. Audley ya tsira da ransa ne saboda roƙon da Margaret ta yi wa kawunta, amma aka jefa shi kurkuku, ita kuma aka kai ta gidan zuhudu na Sempringham aka tsare fiye da shekara huɗu.

Elizabeth kuwa tun kafin mijinta ya mutu aka kama ta a Usk, aka kai ta gidan zuhudu na Barking ita da 'ya'yanta. A can labarin mutuwarsa ya same ta. Shekararta 26, ta binne maza uku. Kafin a sake ta sai da ta yarda ta miƙa Usk ga Despenser da yayarta Eleanor, a ba ta Gower a madadinsa, yankin da bai kai rabin darajar Usk ba. Da bikin Kirsimeti na wannan shekara kawunta ya gayyace ta York, ta je da zaton zumunci, sai ta tarar da takarda ana jira ta sa hannu, cewa ba za ta yi aure ko ta kyautar da ƙasa ba sai da izininsa, in ta saɓa ta rasa komai. Aka tsare mashawartanta, aka yi mata barazana har ta sa. A 1324 Gower ɗin ma aka shirya wata shari'a aka raba ta da shi, ya koma hannun Despenser. Ba Usk, ba Gower.

Abin da ta yi bayan wannan shi ya sa na ce a cikin su ukun ita ce gwanata. A watan Mayun 1326, lokacin da faɗin irin wannan magana zai iya cin ran mutum, ta tara amintattunta a Clare a asirce, ta sa aka rubuta takardar shaida. Ta zayyana yadda aka tsare ta, yadda aka tsorata ta, ta ce duk abin da ta sa wa hannu a bisa tilas ne, ba ta yarda da shi ba, kuma tsoro ne ya hana ta faɗa a fili. Ta ajiye don wata rana. Takardar ta tsira har zamaninmu, kuma tana cikin wurare ƙalilan da ake jin muryar macen wancan zamani tana ba da labarin zaluncin da aka yi mata da bakinta. Wata huɗu bayan haka Sarauniya Isabella, matar sarkin, ta sauka da runduna a gaɓar Suffolk tare da Roger Mortimer. Gwamnatin ta rushe kamar ginin yashi. Aka kashe Despenser kisan wulaƙanci a Hereford ranar 24 ga Nuwamba 1326, aka tuɓe sarki a farkon 1327, aka mayar wa Elizabeth da Usk.

Yanzu sai juyi ya zo kan Eleanor. Na sha tambayar kaina yadda zan ɗauke ta. Duk shekarun da ƙannenta suke tsare, ita tana fada, kawunta yana ji da ita fiye da kowa, yana yi mata kyauta, har an damƙa mata renon ɗan sarki, John. Ta haifa wa Despenser 'ya'ya aƙalla tara. Ba zan wanke ta ba, domin da sunanta aka karɓi Usk. Amma in aka ce ta bijire wa miji da kawu a lokaci guda, ina za ta dosa, a ƙasar da ba saki, ba kuma yaji? Abin da aka yi mata daga baya dai ya wuce laifinta. Aka kulle ta a Hasumiyar Landan, aka ɗebi 'ya'yanta mata ƙanana uku aka sa musu lulluɓin zuhudu da ƙarfi, aka rarraba su gidaje daban-daban, don kada wani ya aure su ya zo yana neman haƙƙin gidan Despenser. An sake ta a 1328, aka mayar mata da Glamorgan, wato ta sake zama bazawara mai ƙasa. A watan Janairun 1329 William la Zouche, wanda yana cikin waɗanda suka kamo mijinta, ya ɗauke ta daga gidan ganuwa na Hanley ya aure ta. Wani kuma, John de Grey, ya tashi ya ce ai matarsa ce, shi ya riga, shari'a har gaban Paparoma. Aka sake kama ta bisa zargin ta kwashi kayan ado na sarki daga Hasumiya, aka karɓe Glamorgan, ba ta sake samunsa ba sai bayan faɗuwar Mortimer a 1330. A ƙarshen wannan shekara aka ba ta izini ta tattara abin da ya rage na gawar Despenser, wadda aka rarraba garuruwa, ta binne a cocin Tewkesbury inda kakanninta suke. Ta mutu a 1337.

Labarin Margaret gajere ne daga nan. Ta fito, ta koma wa Audley. 'Yar da ta haifa wa Gaveston ta mutu tun 1325, saura 'ya ɗaya tilo, ita ma Margaret, wadda za ta gaji kason uwarta duka. A 1336 wani hakimi mai suna Ralph Stafford, wanda matarsa ta mutu, ya sace yarinyar ya aure ta. Iyaye suka kai ƙara, amma Stafford na hannun daman sabon sarki ne, Edward na Uku, sai aka bar auren. Shekara ta gaba aka naɗa Audley babban hakimin Gloucester, aka shafa masa mai a baki. Da wannan dukiya gidan Stafford ya zama babban gida. Margaret ta mutu a 1342.

Elizabeth ba ta ƙara aure ba. Shekara 38 ta yi tana zawarci, daga baya ma ta yi alwashi a gaban coci cewa ita da aure har abada, wanda hakan ya toshe ƙofa ga duk mai kwaɗayi. A hannunta akwai kason gādonta, ga abin da take ci daga ƙasar de Burgh a Ailan, ga sulusin ƙasar Verdun. Auren da aka yi ta jefa ta ciki shi ya tara mata wannan, kuma karo na farko ba namijin da zai sa hannu. Takardun lissafin gidanta masu yawa suna nan a ma'ajiyar tarihi ta ƙasa da ke Kew a Landan, ɗaya daga cikin mafi cikar da aka samu na wani gida a zamanin. A cikinsu ana ganin alkamar da aka niƙa, da kifin da aka saya, da tufafin da aka ɗinka wa barori, da maƙeran zinariya da take ɗauka aiki, da sadakar da ake rabawa a ƙofa, da sunayen baƙin da suka ci abinci.

Sunayen baƙin nan su suka fi ɗaukar hankalina, domin a nan ake ganin zumuncin da ta gina da hannunta, ba wanda aka ƙulla da ita ba. 'Ya'yanta mata biyu, Isabel da ta aurar ga Henry Ferrers da Elizabeth da ta aurar ga John Bardolf, suna yawan zuwa da jikoki, su yi kwanaki. Aminiyarta Marie de St Pol, matar marigayi hakimin Pembroke, wadda ita ma ta yi zawarci tun 1324 ba ta sake aure ba, kullum suna tare. Babban ɗan Edward na Uku yana ziyartarta a gidan da ta gina a Landan. Har gidan Despenser ba ta yanke ba. A 1335 Edward, ɗan Eleanor, ya auri Anne Ferrers, 'yar'uwar surukin Elizabeth, wato shekara tara bayan abin da ya faru a Hereford an sake ɗinke ɓarakar, kuma da aure aka ɗinke ta, abin da ya yaga ta tun farko.

Ba wai ta huta da baƙin ciki ba ne. Ɗanta namiji tilo, William, hakimin Ulster, mutanensa suka kashe shi kusa da Belfast a watan Yunin 1333, yana da shekara 20, a rigimar da ta taso bayan ya bar wani ɗan'uwansa ya mutu da yunwa a kurkuku. Isabel ta mutu a 1349, shekarar babbar annoba. William ya bar 'ya mace ɗaya, ita ma Elizabeth, magajiyar Ulster da Clare gaba ɗaya. Kun san abin da zai biyo baya. A 1342 sarki ya aurar da ita ga ɗansa Lionel, tana da shekara 10, angon bai cika huɗu ba. Daga sunan Clare aka ƙago wa Lionel sarautar Clarence a 1362. 'Yarsu Philippa ta auri tattaɓa-kunnen Roger Mortimer, kuma ta wannan layi na mata ne gidan York ya kafa hujjarsa ta neman gadon sarauta, har Edward na Huɗu ya hau a 1461 bayan an zubar da jini mai yawa.

Akwai wata ƙaramar makaranta a Kambirij da aka kafa a 1326, talauci ya kusa kashe ta. Aka zo wurin Elizabeth neman taimako, ta fara ba su kadara a 1336, ta karɓi ragamar makarantar a 1338, aka sa mata sunan Clare. Aminiyarta Marie ta bi sahu ta kafa Pembroke a 1347. A 1359 Elizabeth ta rubuta wa makarantarta dokoki, ta ambaci yadda annoba ta kwashe masu ilimi, ta kuma yi tanadin a riƙa ɗaukar yara 'ya'yan talakawa ana ciyar da su ana koyar da su. Kwalejin Clare tana nan har yau, ita ce ta biyu a tsufa cikin kwalejojin Kambirij da suka rage, kuma sai a 1972 ta fara ɗaukar ɗalibai mata. Tambarinta an ɗauko shi ne daga hatimin Elizabeth: alamar gidan ubanta da ta gidan mijinta na fari, an kewaye su da baƙin gefe mai ɗigo-ɗigon zinariya kamar hawaye. A takardunta tana kiran kanta Elizabeth de Burgh, uwargidan Clare, sunan uban ɗanta da sunan garin ubanta.

Ta mutu ranar 4 ga Nuwamba 1360, tana da shekara 65. Ba ta nemi a kai ta Tewkesbury kusa da ubanta da yayanta ba, ba ta kuma nemi a kwantar da ita kusa da ko ɗaya cikin mazanta uku ba. A wasiyyarta ta ce a binne ta a gidan mata masu zuhudu da ke bayan ƙofar Aldgate a Landan, inda ta gina gidanta ta zauna a shekarunta na ƙarshe. An rufe gidan zuhudun a 1539 zamanin Henry na Takwas, kabarin ya ɓace, sai sunan titin, Minories, da ya rage a wurin.